Yadda Za Ka Je Wechiau Ka Ga Dorina da Idonka

Mutum zai iya tasowa tun daga Kumasi, ya kashe kuɗin mota, ya sha ƙurar hanya, ya isa Wechiau da ke arewa maso yammacin Gana, ya shiga kwalekwale ya fito, bai ga ko kunnen dorina ba. Duk shekara ana yin haka. In ka bi diddigi za ka tarar yawancinsu da damina suka zo, ko kuma sun iso da rana tsaka suna ta duba agogo, suna son komawa Wa, babban garin yankin, kafin magariba. Dorina kuwa ba ruwanta da gaggawar kowa. Mai son ganinta sai ya zo da rani, ya kwana a bakin kogi, in ya shiga jirgi kuma ya kama bakinsa.

Ni sana'ata sayen ƙwarar kaɗanya ce. A Kumasi nake zaune, amma kasuwa tana yawan kai ni ƙasar Wa, kuma abokan ciniki da 'yan'uwa masu zuwa daga Kano ko Maraɗi sukan ce in kai su su ga wani abu ban da buhuna da sikeli. Wechiau nake kai su. Abin da zan rubuta a nan shi ne abin da nake gaya musu a mota kafin mu isa.

Wane irin wuri ne

Cire wa ranka cewa gidan zu za ka je, ko wani katafaren gandun gwamnati irin Yankari. Ba katanga, ba giwa, ba zaki. Wani yanki ne na kogin Baƙin Volta mai tsawon kilomita 40, a gundumar Wa ta Yamma, can ƙuryar arewa maso yammacin Gana. A daidai nan kogin shi ne iyaka: gaɓar da kake tsaye Gana ce, wadda kake hange Burkina Faso ce, inda suke kiran kogin Mouhoun. A duk faɗin Gana wuri biyu kaɗai ya rage da dorina ke zaune. Ɗaya nan, ɗaya gandun Bui da ke ƙasa a kan wannan kogin, wanda shi ma madatsar wutar lantarkin da aka kammala a 2013 ta shanye wani sashe nasa.

Abin da ya bambanta Wechiau da sauran gandaye shi ne ba na gwamnati ba ne. An taɓa kawo shawarar gwamnati ta karɓi wurin ta killace, sarakunan yankin suka ce a'a, su da mutanensu za su riƙe abinsu, suka kafa shi a 1998. Ban ga laifinsu ba. Kowa ya san abin da kan biyo baya in hukuma ta shata daji: a tashi ƙauyuka, a kawo masu gadi daga wani gari, ɗan ƙasa ya koma ɓarawo a dajin kakansa. A nan kwamiti ne ke riƙe da wurin, da sarakuna da wakilan ƙauyuka 17, masu jama'a wajen dubu goma. Akwai Wala, su ne masu ƙasa, akwai Birifor waɗanda baƙi kan kira Lobi, akwai Dagaba, sannan akwai namu, Hausawa masunta da kamun kifi ya kawo bakin kogin. Wata ƙungiyar kare daji ta Gana mai suna NCRC da gidan zu na birnin Kalgari a Kanada sun daɗe suna tallafa musu, kuma a 2008 wurin ya samu lambar yabo ta Equator, wadda hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke bayarwa.

Tsarin da suka yi mai sauƙi ne. Siririn yankin da ke manne da kogi, faɗin kilomita ɗaya zuwa biyu, an bar wa dorina: ba noma, ba farauta, ba saran itace. Bayansa kuma gonaki ne da ƙauyuka, kowa na harkarsa. Dorinan kansu ba yawa gare su ba, ana ƙirga su da gomomi ne ba ɗaruruwa ba. Raba wannan adadin a kan kilomita 40 na ruwa, za ka gane dalilin da ya sa ake iya zuwa a koma ba a gan su ba.

Yaushe za ka zo

Damina a nan daga wajen Mayu take zuwa Oktoba. A watan Agusta da Satumba kogin yakan cika ya tumbatsa, ya yi ja, ya shiga fadamu. Dorina ta samu ruwa ko'ina, ciyawa ko'ina, sai ta watse. Jirgin ma ba kullum mai tuƙi zai yarda ya sa shi a ruwa ba, ga hanyar zuwa kogin ta zama taɓo. Daji yana da kyau a lokacin, kore shar, amma in dorina ta kawo ka, ka yi asarar kuɗin mota.

Daga Nuwamba ruwa ke fara ja da baya. Yana janyewa, dorina na taruwa a 'yan wurare masu zurfi, gurbin da masu jirgi suka sani ɗaya bayan ɗaya. Disamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu ne: dare da sanyi, sauro ya ragu, tafiya da daɗi, sai dai hazo kan dusashe hoto. Maris da Afrilu su ne ruwa ya fi ƙanƙancewa, ganin dorina ya fi tabbas, amma zafin yakan haura digiri 40, kuma ɗakin ƙasa da rana ba wurin zama ba ne. In da iyali za ka zo, ko da dattijo, zaɓi Janairu ko Fabrairu. In kai kaɗai ne kuma jikinka ya saba da ranar Sakkwato, zo a Maris.

Ka duba kalandar azumi ma. Yini a bakin kogi da ƙishirwar bazara ba abin wasa ba ne.

Hanya

Duk ta inda ka fito, sai ka bi ta Wa. Daga Kumasi hanyar ta bi Techiman, Wenchi, Bamboi, Bole, Sawla, sannan Wa, kilomita ɗari huɗu da ɗoriya, tafiyar yini guda in ka yi sammako. Manyan motocin safa suna zuwa daga Kumasi da Akra. Daga Tamale kuma sai ka bi Damongo da Larabanga ka ɓulla Sawla, ka miƙe arewa. Wanda ya sauka Akra ta jirgin sama zai iya hawan jirgin cikin gida zuwa Tamale ya rage wahala.

Ɗan Najeriya fasfo ɗinsa na ECOWAS ya ishe shi shiga Gana ba biza, amma ya riƙe katin allurar shawara, don ana tambaya. Ɗan Nijar ya bincika halin da takardu ke ciki kafin ya taso, tunda Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Kuma ko da taswira ta nuna maka ratsawa ta Burkina ya fi kusa, ban ba ka shawarar bin ta ba a wannan zamanin na rashin tsaro.

A Wa za ka yi duk sayayyarka, don daga nan gaba sai 'yan tireda. Ka ciri kuɗi a banki, takardun sidi, wato kuɗin Gana, ƙanana, ba manya kaɗai ba. Biyan kuɗi ta waya yana aiki a Gana sosai, amma a bakin kogi layi yana zuwa yana ɗaukewa, wani lokaci ma wayarka ta kama layin Burkina ba ka sani ba, ta yi ta cin kuɗi. Ka sayi ruwan leda buhu-buhu, fiye da yadda kake zato, da shinkafa, mai, tumatir, albasa, burodi, shayi da sukari. In ka rasa inda za ka dosa, tambayi Zango. Da Hausarka za ka ci abinci, ka yi salla, ka samu direba.

Daga Wa zuwa garin Wechiau kilomita arba'in da 'yan kai ne. Akwai ƙananan motocin haya daga tasha, amma sai sun cika suke tashi, kuma da yamma sukan yi wuya. In ku uku ne ko huɗu, ku ɗauki shatar mota, ku yi ciniki a kan zuwa da kwana da dawowa tun a Wa, a gaban shaida. Direban da aka yi ciniki da shi rabi-rabi, a bakin kogi yake tuna cewa mai ya yi tsada.

A cikin garin Wechiau akwai ofishin baƙi. Nan za ka tsaya, ka rubuta suna, ka biya kuɗin shiga da na jirgi da na kwana, a ba ka rasit, a haɗa ka da ɗan jagora. Kada ka tsallake ofishin ka nufi kogi don wani ya ce ya san mai jirgi da zai yi maka rahusa. Kuɗin ofishin nan shi ke biyan masu gadin daji, da shi da tallafin abokan hulɗa aka yi rijiyoyin burtsatse da makarantu da fitilun sola a ƙauyukan. Manomin da dorina ta shiga gonarsa ya haƙura bai ɗana mata tarko ba, wannan kuɗin yana cikin dalilan haƙurinsa. Ga shi kuma bakin iyaka ne, baƙon da ba a san da zuwansa ba yana jawo wa kansa tambayoyi.

Daga gari zuwa masaukin Talawona da ke kusa da kogi saura wajen kilomita ashirin, hanyar burji ce da turɓaya. Babur yana shiga, ƙaramar mota tana shiga da rani in direba ya bi a hankali. Ka yi ƙoƙari ka bar garin Wechiau kafin la'asar.

Masauki

Wanda ya ji an ce masaukin masu yawon buɗe ido ya sa rai da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin, to ya sauke buri. Ɗakunan ginin ƙasa ne irin na mutanen wurin, da gado da katifa da gidan sauro. Wanka da bokiti ne. Ba gidan cin abinci da za ka zauna a kawo maka takardar zaɓi. Kayan miyan da ka sayo a Wa za ka dafa, ko ku daidaita da wata daga cikin matan ƙauye ta dafa muku ku biya ta. In haka ne, ka ce tuwon zafi da miyar ayoyo kake so, shi ne hannunsu ya fi faɗawa. Batun nama kuwa, Wala yawancinsu Musulmi ne, amma ƙauyukan Birifor da ke kusa da kogi akwai masu addinin gargajiya da Kiristoci, kuma ana kiwon alade. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sayi zabo ko kaza da rai, ka yanka da hannunka. Ba wanda zai ga laifinka a kan haka, sun saba.

Ka zo da tocila mai ƙarfi, da fawa-banki cike da caji, da butarka da dardumarka, da maganin shafawa na sauro. Da hunturu ka haɗa da bargo, don sanyin asuba a bakin ruwa yana ratsa ƙashi. Tufafi masu dogon hannu, masu kalar ƙasa. Ka guji shuɗi mai duhu da baƙi, su ke jawo ƙudan tsando. Kwarin Volta ya yi suna a da wajen ɗan ƙaramin baƙin ƙudan nan mai jawo makanta, har aka yi gagarumin shirin yaƙi da shi tun daga 1974. An ci ƙarfin cutar, amma rufe jiki bai taɓa cutar da kowa ba. Kada ka yi wanka a kogin, kada ka bar yara su tsoma ƙafa: ga kada, ga tsargiya, ga mai gidan kanta.

Shawarata a kan kwana ita ce, in dai ba tsufa ko ciwon ƙafa, ka nemi a kai ka dandamalin kan bishiya. Wani gini ne na katako da aka ɗaga sama a gefen kogi, irin rumfar da ake kafa wa yara a gonar dawa don korar tsuntsu, sai dai ya fi ta faɗi da ƙwari. Ana hawa da tsani, a shimfiɗa katifa, a ɗaura gidan sauro. Ka yi alwalarka ka gama uzurinka tun da sauran haske, ka hau da ruwan sha da buta, don in dare ya yi ba a sauka sai da ɗan jagora.

A can sama za ka fara sanin dorina tun kafin ka gan ta. Bayan isha, in gari ya yi tsit, sai ka ji wani gurnani daga cikin ruwa, ya fara da siririyar ƙara sannan ya koma wata irin dariya mai kauri, ho-ho-ho, har kana jin ta a ƙirji. Can nesa wata ta amsa. Wani baƙona ɗan Kano, mutum mai jiki da yawan magana, da ya ji wannan ya dafa ni ya ce, "Alhaji, wannan abin yana hawa bishiya?" Ba ta hawa. Amma tana fitowa tudu, kuma a nan ne hatsarinta yake.

Dorina a tudu

Da rana a ruwa take yini saboda fatarta ba ta jure rana. Da dare take fita kiwo, ta yi tafiyar kilomitoci tana cin ciyawa, wajen kilo 40 a dare ɗaya, ta dawo kafin gari ya waye. Ba nama take nema ba, ba kuma farautar mutum take ba. Matsalar ita ce in ta tsorata ruwa take nufa a guje, kuma duk abin da ke tsakaninta da ruwa ta bi ta kansa. Namiji yana kai tan ɗaya da rabi, manyan ma su ninka haka, kuma da wannan jikin tana gudun da ya kai kilomita 30 a awa. Ba ka tsere mata.

Saboda haka da asuba da kuma bayan magariba ba a yawo a bakin kogi. Da safe ɗan jagora zai nuna maka hanyoyinta: wani kwari-kwari da ta sassaƙe a jikin gaɓa inda take hawa da sauka, da sawu mai yatsu huɗu, faɗinsa ya fi tafin hannunka a buɗe. Za ka ga kashi a warwatse a jikin ciyayi da kututture har tsayin ƙugu, don namiji yana karkaɗa wutsiya ne yana fesa shi, alamar nan wurinsa ne. Inda duk ka ga waɗannan, ba wurin shimfiɗa darduma ba ne, ba kuma wurin tsayawa ɗaukar hoto ba.

Cikin kwalekwale

Ka ce a tashe ka da asuba. Ana idar da salla ka sha shayi, rana na ɓullowa kuna bakin ruwa. A wannan lokacin dorina ta dawo daga kiwo, ba ta riga ta lafe ba, iska ba ta tashi ba, tsuntsaye kuma suna kan ganiyarsu. In safiya ta kuɓuce maka, sai bayan la'asar. Tsakar rana ita ce mafi muni.

Jirgin na katako ne, siriri, ba inji, da filafili ake tuƙa shi. In an ba ka rigar ruwa ka sa, ko da ka iya iyo. Ka shiga a sunkuye, ka zauna inda mai tuƙi ya nuna maka, a tsakiya, ka bar jikinka a wurin. Babbar riga da malum-malum a bar su a ɗaki. Waya a sa ta a shiru, a zura ta cikin leda. Yaro ƙarami wanda ba zai iya zama wuri ɗaya ba, gara ya tsaya a gaɓa da uwarsa.

Daga nan sai haƙuri. Za ku iya yin rabin awa ko fiye kuna bin gefen gaɓa ba ku ga komai ba sai zalɓe da balbela, da guza kwance a kan reshe, wataƙila birai a saman kanya. An ƙirga tsuntsaye fiye da iri 200 a wurin, mai madubin hangen nesa ba zai gaji ba. Ka riƙa kallon mai tuƙi. In ka ga ya daina tuƙi ya kafa filafili a ruwa, ya nuna da haɓa, to an iso.

Abin da za ka fara gani bai kai yadda kake zato ba. Wasu 'yan duwatsu ne baƙaƙe a tsakiyar ruwa. Sai ɗaya ya motsa, ƙananan kunnuwa biyu su karkaɗa su watsa ruwa, hanci ya buɗe ya fesar da numfashi, fuuu, ka ji shi tun daga nesa. Idanu, kunnuwa da hanci duk a saman kai suke a jere, shi ya sa take iya ɓoye wannan uban jiki ta bar su kaɗai a waje. Za ta kalle ku, ta nutse ba ƙara, ruwa ya koma lum. Ka duba agogo in kana so: tana iya kai minti biyar a ƙasa. Kuma ba lallai ta ɓullo inda ta nutse ba, don ba iyo take yi ba, tafiya take a ƙasan kogi tana dokawa da ƙafa. Wannan shi ne dalilin da mai jirgi ke tsayawa nesa, a gefen da ruwa bai da zurfi, yana ƙirga kawuna. In ya ƙirga biyar ɗazu yanzu ya ga huɗu, hankalinsa na kan ta biyar ɗin, ba kan hotonka ba.

A nan ne baƙi ke ɓata lamari. Wani zai ce a matsa kusa, har ya yi alkawarin ƙarin kuɗi. Kada ka yi. Mutumin nan talaka ne, kuɗin zai iya rinjayarsa ya yi abin da ya san bai kamata ba, kuma in jirgi ya kife har da shi a ciki. Wani zai miƙe tsaye don hoto, wani ya tafa hannu ko ya yi jifa wai ta buɗe baki. In ka ga ta wangame baki har kana ganin haurenta, waɗanda kan kai rabin mita, ba hamma take ba, gargaɗi ne. In ta fara gurnani tana fuskantarku, ko ka ga ƙaramin kai manne da babba, wato uwa da ɗa, mai tuƙi zai ja da baya, kai kuma ka yi shiru ka bar shi. Wata takwas take ɗaukar ciki, ɗa ɗaya take haifa, sai bayan kamar shekara biyu ta sake. Ba ta wasa da shi.

Kada ka ce a tsallaka da kai gaɓar Burkina don ka taka ƙasar ka yi hoto. Mutanen wurin suna tsallakawa, dangi ne a gaɓa biyun, amma kai baƙo ne mai fasfo.

In fita ta farko ba a dace ba, kada ka ɗaure wa ɗan jagora fuska. Ka tambaye shi inda masunta suka gan su jiya, ku sake fita da yamma ko washegari. Shi ya sa nake cewa a ware kwana biyu. Da an sauka kuma a ba mai tuƙi da ɗan jagora goro a hannunsu, ban da abin da aka biya a ofis.

Mutanen wurin

Tsakanin fitar safe da ta yamma akwai yini guda, kuma bai kamata ka kashe shi a kwance ba. Ka ce a kai ka gidan Birifor. Ginin ƙasa ne mai rufin soro, ɗakuna a cuɗe da juna, ƙofa ƙarama, ana hawa saman da wani gungume da aka sassaƙa masa matakai. A kan rufin suke shanya hatsi, nan suke kwana da bazara. Ka yi sallama, ka jira ɗan jagora ya nema maka izini, kada ka ɗaga waya a fuskar tsohuwa sai ta yarda. In ka ga wurin tsafinsu a ƙofar gida, wuce abinka, ba a taɓawa, ba kuma wa'azi ya kawo ka ba. Za a iya miƙo maka ƙwaryar fito, giyar dawa ce, ka ce na gode ba na sha, shi ke nan. In ka yi sa'a za ka ji ana kaɗa gyil, kayan kiɗansu na katako da ake jera wa ƙorai a ƙasa. In kuma aka ce za a kai ka gaida Naa, wato sarki, ka cire takalmi, ka rusuna, ka miƙa goronka ta hannun mai magana da yawunsa.

A wajen da yawa daga mutanen nan kashe dorina haramun ne tun kaka da kakanni, kuma tsofaffi suna da labarai a kan yadda ta taimaki kakanninsu a bakin kogin. Ƙasar ta sha hare-haren masu kamun bayi a ƙarshen ƙarni na 19, zamanin Babatu Bazabarme da mayaƙan Samori, har yau ana tuna su. Wannan tsohon haramcin shi ne ginshiƙin da aka ɗora dokar 1998 a kai. A wasu wuraren da babu shi, nama da haure da fatar da ake yanka bulala da ita sun ƙarar da dorina, har a 2006 aka sa ta cikin jerin dabbobin duniya da ke fuskantar barazana.

Ka nemi masuntanmu ma ku gaisa. Na taɓa zama da wani dattijo yana ɗinkin koma a gindin ɓaure, na ce, "Baba, yaya zama da maƙwabciyar taku?" Ya ɗaga komar ya nuna min wata ɓaraka da mutum zai iya shigewa ta ciki, ya ce, "Ga gaisuwarta ta shekaranjiya." Bai ƙara komai ba, ya ci gaba da ɗinki. Masunta su dokar ta fi matsa wa, don an taƙaita musu inda za su yi kamun kifi da irin kayan da za su sa, alhali ba su ne masu ƙasa ba. In kana son jin ɗaya gefen labarin, wurinsu za ka ji shi. Za su kuma ba ka labarin masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, 'yan galamse, waɗanda injinansu ke dagula ruwan Baƙin Volta. A ganina wannan ya fi mafarauci zama barazana ga wurin yanzu.

Sai abin da ya shafi sana'ata. Matan ƙauyukan nan suna da ƙungiyar tsintar kaɗanya, kuma saboda dajin ba a fesa masa magani, ƙwararsu ta samu shaidar kasancewa tsantsa ba sinadari, ana fitar da ita waje da farashin da ya fi na kasuwa, wani kaso kuma yana komawa asusun kula da wurin. Ba na samun wannan ƙwarar in saya, an riga ni, amma man da suke kaɗawa da hannu ina saye in kai gida. In za ka saya, ka shinshina: mai kyau ƙamshinsa a kwance yake, ba ƙauri, ba tsami. Ka murza kaɗan a bayan hannu, ya narke ba tsakuwa. Ka zo da roba mai murfi, don wanda aka dunƙula a ganye ko ƙwarya, zafin mota zai narkar da shi a cikin kayanka kafin ka kai Sawla.

In giwa na ranka, a hanyar komawa ka ratse daga Sawla ka yi gabas zuwa Larabanga, ka yi salla a unguwar tsohon masallacin nan na ƙasa, ka shiga gandun Mole da ke kusa, wanda shi ne mafi girma a Gana. Can ma da rani giwaye ke saukowa tafkin da ke ƙasan masauki. Ka bar Wechiau da hantsi in kana son isa kafin a rufe ƙofa, kuma ka cika tankin mota tun a Wa.